Yayana Mai Makarantar Toka

Ya rasu cikin kakar da ta biyo bayan ƙuri'ar "i" da "a'a", an gama yankan hatsi, ba a gama kai shi rumbu ba. Tutar Nasara tana nan bisa gidan kumandan. In kuna son sanin daɗewarshi tare da mu a Dakoro, ku ƙirga daga shekarar da aka hana aikin dole, don a cikinta ya komo gida. In haihuwarshi kuke tambaya, innarmu ta ce tana goye da shi aka fara jin labarin fararen mutane a ƙasar Gobir, ni kuma sai da ya fara bin awaki aka haife ni. Lissafina ke nan. Ban san baƙi ba, ban zauna gaban allo ba balle lakwal, makarantar Nasara. Faɗa nake yi jikata tana rubutawa, kuma na gaya mata kada ta gyara mani magana.

Ranar da aka kai shi, ban san mutumin nan ya tara jama'a haka ba. Daga Rumbu an zo bisa jakai, daga Sabon Maci an zo a ƙasa. Fulanin da ke kiwo wajen Korahane suka bar shanu hannun mata suka taho. Wani tsohon Buzu ya sauko daga raƙumi, ya zauna ƙofar gida har la'asar. Da zai tashi sai ya ce, "Ciyawar da bisashena suka ci shekarun nan, tashi ce." Ya hau ya tafi.

Liman ya ce, "Allah Ya jiƙan shi, bai taɓa riƙe mani yaro lokacin allo ba." Wani saurayi cikin yaran da ya koyar, wanda yanzu ke aiki biro, ofishin kumandan, da wando da takalmi, ya zube bisa rairayi yana kuka kamar ɗan yaye. Cikin gida kuwa matar ƙanenmu ta fi kowa ɗaga murya, ita da ta sha bin shi da muciya. Ni dai ina zaune jikin zana, hawaye sun ƙi zuwa, magana ta ƙi zuwa. Taubashiyata, ɗiyar kawunmu, ta matso ta zungure ni.

"Sarauniyar baki, yau wa ya ɗinke ki?"

Na ce, "Ki bar ni."

"Ai kin saba sai an roƙe ki."

Wasa take yi, irin wanda ke tsakaninmu tun muna 'yan mata. Amma matan da ke kusa duk suka sunkuyar da kai, don babu wanda bai san zancen ba a garin nan. Abu guda yayana ya roƙe ni a duniya: tatsuniya guda, da rana.

An kama shi soja tun muna kudu, lokacin yaƙin Jamus na farko. Aka gama yaƙi bai komo ba, har muka yi mashi sadaka. Innarmu ta rasu tana kallon hanya. Ashe yana can wani babban birni bakin teku, cikin 'yan kwana-kwana masu kashe gobara, yana jan tiyo yana wanke jar mota. Mu kuma gonakin kudu suka gaji, muka taso arewa muka sari daji a nan. Tambaya ce ta kawo shi har ƙofar gidanmu, da furfura, da akwatin kwano, da hular ƙarfe. Ba mata, ba ɗa. Kunnenshi kuwa igwa ta tafi da shi. Da ido yake ji. In za ka yi mashi magana sai ka tsaya gabanshi cikin haske ya kafa ma bakinka ido. Rana na faɗuwa dundumi ya kama shi, daga nan sai ka yi ta jefa magana kamar cikin rijiya mai zurfi, ba ka jin ta taɓa ruwa.

Mutum ne mai takura. In kaka ta yi, ciyawa ta bushe, da takalmi yake kwana. Ya fito da safe ya lashi yatsa ya ɗaga sama, ya ce, "Iska ce uwar wuta. Ku dubi uwa kafin ku dubi ɗiya." Sannan ya bi gida gida yana leƙa murhun mata, ba sallama ba komai, yana ture kara da ƙafa. Nan muciyar matar ƙanenmu ta samo asali. Takan ce, "Ka yi aure mana ka sami murhun da za ka tsare!" Shi kuwa sai ya juya mata ƙeya. Ya ce kurumta na da ranarta.

Gobarar daji ta farko da ta same shi nan, maza suka yi yadda suka gada. Makaɗi ya buga ganga, kowa ya karyo reshe, suka ruga suka tari wuta gaba da gaba. Yana binsu yana ihu, "Ba haka ba! Daga gefe, kamar tuwo mai zafi!" Wa zai saurari kurma? Rumbuna da dama suka tafi. Da shekara ta kewayo sai ya ɗauki hauya shi kaɗai, ya shiga kankare wata doguwar hanya bayan rumbuna, ba ta zuwa gidan kowa. Maza na wucewa suna cewa, "Sannu Soja, bana ƙura za ka girba?" Da wuta ta zo, ta iso bakin hanyar nan, ta rasa abin ci, sai ta kwanta kamar karen da aka daka ma tsawa. Tun daga nan aikin ya zama gayya. Kowace kaka a kankare layi biyu, a zaɓi safiyar da iska ke barci, a ƙone tsakaninsu. Sai a sami doguwar ƙasa baƙa ƙirin, shimfiɗe kamar zane.

Wannan baƙar ƙasa ita ce makarantarshi.

Wani abokin aikinshi, Bahaushen ƙasar Ingilishi, shi ya koya mashi rubuta Hausa da baƙaƙen Nasara. Lokacin kuwa gardi, dogaran kumandan, sun fara yawo suna ɗibar yara zuwa lakwal, iyaye na ɓoye su. Yayana ya ce, "Za a kai su ko kun so ko kun ƙi. Gara su je da ido, kada a yi ta dukansu kan abin da ba a nuna masu ba." Amma bai ce da yara ku zo karatu ba. Cewa ya yi yana neman 'yan kwana-kwana. Wane yaro zai ƙi?

Na sha tsayawa da tulu a kai ina kallonsu. Bayan an tashi daga allo, hantsi ya ɗaga, sai ya sa hular ƙarfen nan, yara su jeru kowa da reshen sabara ɗanye. Can gefe ya zana rumbu. Sannan ya ja sanda bisa toka, farin rairayi ya fito ta ƙarƙashi, tar.

"Kafaran! Me ya taso?"

Kafaran ɗin kuwa, wato kofur ɗin da ya naɗa, wani ɗan mitsitsi ne da majina. Ya duƙa, ya ƙura ido, leɓe na rawa. Yayana ya duƙa shi ma, yana kallon leɓen.

"Wu... wuta!"

"To me kake jira? Kashe ta!"

Yaro ya hau rubutun da duka har ya ɓace, sauran suna ihu. In kuwa ya kasa, sai yayana ya ce, "Af, ta tsallake!" ya matsa gaba ya sake rubuta ta kusa da rumbu, a kira wani. In ta kai ga rumbun ba wanda ya karanta, sai ya cire hula ya ɗora hannu a kai: "Gari ya ƙone. Yau kowa da yunwa zai kwana." Yara su zube suna kukan ƙarya, sannan su roƙa a sake. In ya rubuta ruwa, wanda ya gane shi zai ruga da guga. In ya rubuta iska, sai kowa ya lashi yatsa. Wanda ya yi ƙoƙari ranar, shi ke komawa gida da hular ƙarfe ta rufe mashi ido.

Su komo baƙi wuluk, haƙora kawai ake gani. Uwaye suka yi ta mita kan ruwan wanka. In damina ta wanke makarantar kuma, sai ya bi murhun mata da ƙwarya yana kwasar toka, mu kuwa muna son abarmu don miya da sabulu. An yi faɗa kan toka a garin nan kamar gado.

Ni kuma a lokacin, ba yabon kai ba, daga nan har Korahane babu bakin da ya kai nawa. In na ce ga ta nan, ko jinjiri sakin nono yake yi. Matan aure sukan bar wanke-wanke su laɓe bayan zana. Na iya muryar kura, na iya ta maraya, na san inda ake ja da inda ake saki. Wannan ba a lakwal aka ba ni ba.

Wata rana ina sussuka sai ga shi ya tsaya gabana.

"'Yar inna, kalmomina sun ƙare."

"Da ma nawa gare ka?"

"Wuta, ruwa, iska, guga, rumbu. Sun haddace, sun fara hamma. Tsaba ce nake ba su, yaro kuwa ba ya cin tsaba sai an daka. Ki ba ni tatsuniya guda ta wuta, in riƙa rubuta masu kaɗan kaɗan. Don son su ji gaba za su karanta."

Na ce, "Ka zo da dare kamar kowa."

"Da dare ba na ganin bakinki."

"Da rana kuma ba a tatsuniya. Ko teku ta wanke maka? Mai yin ta da rana ɓata yake yi a daji."

"Ki ɓata in nemo ki. Ni da na nemo ku daga bakin teku."

Na yi dariya, na ci gaba da sussuka. Ya ce ko yara su kawo mashi da safe, amma ya gwada, abin da suke kawowa fura ce ba nono, kuma su ma tsoron ɓata suke. Daga bakina yake so. Na ce to ya jira.

Ku ji ni da kyau. Ba ni na kafa al'adar nan ba, haka na tarar. Innarmu ba ta taɓa yi da rana ba, kakarmu ma haka. Kuma ina ganin maganar da aka kwantar ƙasa, ƙafa ce za ta taka ta. Duk wannan gaskiya ne, ko gaban alƙali zan maimaita. Sai dai akwai wani abu kuma. Yaran da dā suke rige-rigen zama kusa da gwiwata, yanzu sai su zo a makare, ina tsakiyar magana suna zane ƙasa da yatsa suna raɗa. Har jikata, wannan mai rubutun, lokacin tana da giɓi. 

Shi ya sa na ƙaga tatsuniyar wani tsohon zakara da ya je bakin teku ya komo da kwano a kai, yana tonon toka yana cewa zinariya ce. Har da waƙa na sa mata: zakara mai kwano, tona toka ka ci. Bayan tuwon dare na yi ta, dandali ya cika. Shi ma yana nan, don yakan zo ya zauna can gefe ko da ba ya ji ba ya gani sosai, wai yana son ɗumin jama'a. Yara na birgima don dariya, wani ya faɗa jikinshi. Ya shafa yaron, ya ji cikinshi na rawa, sai shi ma ya kama dariya. Yana yi yana gyaɗa kai wajen da nake. Na gan shi. Ban tsaya ba, na ƙara ma zakaran gurgunta.

Ba a yi kwana nawa ba sai ga shi da gudu, tsoho da shi, ya kama hannuna da gari a jiki.

"Zo ki gani! Zo!"

Ya ja ni har bakin baƙar ƙasa. Jikata na tsaye da tsinke, ga wani dogon zane a gabanta, ya karkace kamar sawun maciji.

"Ba wanda ya gaya mata! Ita kaɗai ta haɗa! Matata, karanta ma kakarki."

Yarinya ta bi da tsinke, ta karanto mani waƙar zakara tun daga farko har ƙarshe.

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Na juya ya ga bakina, na ce, "Yaya, ka san da wa ake?"

"Mutum nawa ke yawo da kwano a kai garin nan?" Idonshi har ƙyalli yake yi. "Ki dubi abin da nake gaya maki. Zaginki ma ya zauna kan yarinya har ya fito ta hannu. To ina ga tatsuniya?"

Da ya yi fushi da na sami abin riƙewa. Da ya zage ni da na rama, mu shirya kafin magariba. Amma ya tsaya yana murna, ni kuma kunya ta rufe ni, kunyar mai girman kai kuwa taurin kai take haihuwa. Na ce, "Sai ran da jaki ya yi ƙaho." Na karkaɗe hannuna na koma turmi. Ranar bai bari an kashe rubutun da reshe ba. Iska ce ta share shi.

Daga nan kowace kaka, ranar da aka ƙone hanyar wuta, sai ya biyo ta gidana da toka har gira, ya ce, "'Yar inna, an shimfiɗa. Bana fa?" In ce, "Bana ma." Abin ya zama wasan gari. A bakin rijiya ka ji ana cewa, "Ya roƙa?" "Ya roƙa." "Ta ba shi?" "Ina!" Ni kuma, Allah Ya gani, daɗin roƙon nake ji. Duk garin nan mutum guda ne ya ga teku, ga shi yana tsaye ƙofata kowace shekara.

Daminar da maigidana ya rasu, ƙurkunu ya kwantar da ni, 'ya'yana maza suna cin rani ba su komo da wuri ba. Shi ya shuka gonata, shi ya yi noman farko da maimai, ya bar tashi ta cika da ƙarangiya. Kullum ya kawo mani ruwa ya zauna bakin ƙofa yana naɗe tsutsar a tsinke, a hankali don kada ta tsinke. Rana tsaka, ni da shi, ba kowa, bakina gabanshi cikin haske. Ko sau ɗaya bai ɗauko zancen ba. Na yi ta jira ya ɗauko in ce ashe noman na biya ne. Bai ba ni wannan ƙofar ba.

Yaran makarantarshi kuwa aka kwashe wasu zuwa lakwal. Mushe, wato malamin da ke koyarwa can, ya aiko a tambaya wa ya buɗe masu ido. Wasu uwaye suka ce shi ya jawo aka ga 'ya'yansu, suka daina gaishe shi. Wasu kuma suka riƙa turo nasu da kansu. Bai kula da ko ɗaya ba. Ƙanana na tasowa, yana naɗa sabon kafaran.

Sai wata babbar wuta ta taso daga arewa, da iska a bayanta, kaka biyu kafin rasuwarshi. Maruƙan Fulani suka rikice suka nufi cikinta. Ya shiga hayaƙi ya koro su. Maruƙa suka fita, idonshi bai fita ba. Ya yi ja, ya yi ruwa, sannan farar yana ta rufe shi. Da kaka ta kewayo aka ƙone hanya, samarin da ya koyar suka ja aikin. Na share ƙofar gida na zauna. Har rana ta faɗi bai zo ba. Na je na wuce ta gaban bukkarshi na yi gyaran murya. Wa zai ji? Yana zaune da hular ƙarfe bisa cinya yana shafa ta. Na tsaya, na tsaya, na koma gida. Na ce da kaina ai yanzu ba amfani, ba ya ganin baki.

Ƙarshen daminar da ta biyo ya kwanta. Ya daina cin tuwo, fura ma sai an matsa. Jikata, ta yi aure tana da goyo, ita ke jinyarshi. Ta shigo wurina wata safiya ko zama ba ta yi ba.

"Kaka, in ba ki da ita ki ce ba ki da ita. A daina cewa rowa ce."

"Ba ni da me?"

"Tatsuniyar wuta. Ni na fara zaton ba ki iya ba ne."

"Ni? Ni ce ban iya ba? Ke ɗiyar yaushe?"

Ta san inda ta taɓa. Gaskiyar magana, tatsuniyar na cikina tun shekarar zakara. A bakin turmi na ƙaga ta, na yi ta gyara ta shekara da shekaru, ban taɓa ba kowa ba. Na ɗauki mayafi na bi ta.

Hantsi ne, rana ƙwal. Muka fito da shi inuwar aduwa. Na zauna gabanshi, sai na rasa ta inda za ta shiga, ba kunne ba ido. Jikata ta kamo hannunshi ta buɗe tafin, ta ce, "Faɗi, Kaka." Na ce ga ta nan ga ta nanku. Ta sa yatsa ta shiga zana mashi baƙi ɗaya ɗaya cikin tafi. Goshinshi ya tattare. Can sai bakinshi ya buɗe.

"'Yar inna ce?"

Ta zana mashi i.

"Rana ta faɗi ne?"

Ta zana a'a.

 Sannan ya ce, "Ta zo mu ji ta." Ya yi 'yar dariya. "Mu ji ta, in ji kurma."

Ban taɓa yin tatsuniya mai wuya irin wannan ba. Ba murya, ba waƙa, ba kwaikwayo. In faɗi guntu in jira yatsa, shi kuma ya haɗa ya maimaita a fili. Dole na zubar da duk adon da nake taƙama da shi, na bar ƙashin. Na ba shi labarin yadda Wuta ta zo wani gari baƙuwa, 'yar ƙarama, tana rawar sanyi, ta roƙi tsinke guda. Aka ba ta. Ta ce ba ta ƙoshi ba, aka ba ta kara. Ta ci kara ta nemi zana, ta ci zana ta kira uwarta Iska. Manya suka tare ta, ta yi masu ruri guda suka watse. Sai yaran gari suka karyo rassa.

Kwanaki muka yi muna wannan, kullum da hantsi, don hannu na gajiya, shi ma yana gajiya. Mata suna leƙowa ta kan zana suna salati, wai ga tsohuwa na tatsuniya rana tsaka. Ina gamawa in tashi in tafi gidana, hanya ba ta taɓa ɓace mani ba. Shi kuwa ya fara shan fura. Kafin in zo ya sa an zaunar da shi, tafinshi buɗe bisa gwiwa. Wani lokaci ya tsayar da mu ya ce, "Nan wurin a ba ƙanana, kalmomin gajeru ne." Yana kwance yana raba ma yara aiki.

Muka kai inda Wuta ta kori kowa, yara ma sun gudu, ta iso bakin rumbun gari. Sai ta tarar da wani yaro shi kaɗai, hannu wofi. Ta miƙe har sama ta ce, kai ƙarami, me ka riƙe da za ka tare ni?

Nan na yanke.

Ya jira yatsa, yatsa bai motsa ba. Ya ce, "Sai yaron ya ce me?"

Na ce da jikata, "Rubuta mashi gobe."

"Kaka, saura kaɗan fa. Rana ko tsaka ba ta yi ba."

"Na ce ki rubuta gobe."

Nan ne gaɓar da ake yankewa, duk mai tatsuniya ya san haka, hannuna a kai ya saba. Kuma na ga yana ci saboda ita, na ce in na ja ta zan ja shi. Wannan shi nake gaya ma mutane, kuma ba ƙarya ba ne. Amma shekara biyu ke nan bai roƙe ni ba, na kuma so in ji ya roƙa.

Ta zana mashi. Ya dunƙule hannu ya riƙe yatsanta, ya juyo da fuska inda yake zaton nake, ya ɗan kauce kaɗan.

"Har yau ja kike, 'yar inna." Murmushi yake yi. "To. Allah Ya kai mu."

Bai roƙa ba. Da asuba jikata ta kai mashi ruwan alwala ta tarar an riga ta, rai ya yi halinshi.

Abin da ya rage na tatsuniyar bai kai a dama fura ba. Yaron bai amsa ma Wuta ba, don kunnenshi na da nauyi, rurin da ya kori manya shi bai ji shi ba. Ƙasa kawai ya nuna mata. Tun tana cin zanan mutane shi yana nan yana kankare gaban rumbu. Ta duba gabas ta duba yamma ba ko tsinke, ta yi ta ƙanƙancewa har ta koma yadda ta zo. Ya ɗauke ta bisa katanga ya kai ma ƙanwarshi ta dafa tuwo. Da ya ji wannan da ya gane yaron. Da ya gane ƙanwar ma, da abin da take son ce mashi wanda bakinta ya fi ƙarfin faɗa kai tsaye.

Bayan sadakar arba'in aka ƙone hanyar wuta. Na sa aka tara mani ƙanana bakin baƙar ƙasa da hantsi, na yi masu ita tun daga farko har ƙurunƙus. Jikata na rubutawa bisa toka guntu guntu, wanda ya karanta ya kashe da reshe, da hular ƙarfe a kanshi. Sun yi dariya inda ya kamata, sun yi tsit inda ya kamata. Yadda ya ce za su yi, haka suka yi, har suna ture juna don su ga gaba. Su sun samu. Shi da ya roƙa bai samu ba, kuma ba wanda ya hana shi sai ni.

Allah Ya jiƙan ka, Yaya, Ya sanyaya makwancinka, kai da ka ƙare kwanakinka kana raba mu da wuta. Allah Ya raba ka da ta can.

Cikin waɗanda suka ga shekarar da ya kankare hanya shi kaɗai ana yi mashi dariya, kaɗan suka rage. Akwai makaɗin da ke buga gangar gobara, hannu ya fara rawa, ɗanshi ke bugawa yanzu. Akwai ƙanenmu, da matarshi mai muciya, wadda yanzu ita ke bin murhun surukanta tana ture kara da ƙafa. Liman na nan. Tsohon Buzun nan an ce ya yi arewa da raƙumanshi, ban san ko za mu sake ganinshi ba. Taubashiyata na nan, bakinta bai mutu ba.

Sai ni. Jiya da azahar wata 'yar tatsitsiya ta ja mani zane ta ce in yi mata ta Wuta. Tuwo na bisa murhu. Na sauke shi, na zauna, ban tashi ba sai da na kai ƙarshe.